Ranar da Na Je Roƙon a Ƙara wa Auta Lamba

A wannan labarin ni ne wawan, gara in faɗa da bakina kafin uwargida ta riga ni. Karatu ya kawo ni Alƙahira tun gemuna bai fito ba. Karatun ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi, muka rabu lafiya, na zauna a unguwar Abbasiya ina yi wa mutanenmu tafinta a asibitoci. Ilimi ɗaya na fito da shi daga makaranta: na san ƙaramar lamba in na gan ta, domin ita malamai suka saba ba ni.

Autata, wadda aka haifa a nan, ta shiga jami'a, ta kuma shiga wani wasa wai shi besbol. Mutum ya jefa ƙwallo mai girman lemo, wani ya tare ta da kulki, in ya doke ta sai a kama gudu kamar masu talla sun hango 'yan sanda. Auta ce mai jifan. Ban yi mamaki ba, gado ne, da majajjawa na girma ina korar tsuntsaye a gonar gero.

Za su tafi gasa birnin Iskandariya, kuma mai jifa ɗaya za a ɗauka. Yarinyar nan ta jingina tsohuwar katifa a bangon falo tana jifanta safe da yamma, har maƙwabcinmu na ƙasa ya daina amsa mini sallama. Ba ta da zance sai Iskandariya.

Wata rana ta bar wayarta a buɗe, na leƙa. Sunayen masu jifa ne, kowacce da lambarta, kuma ta Auta ce mafi ƙanƙanta. Raina ya ɓaci. Na yi abin da uba na kirki yake yi lokacin jarrabawa: na zura babbar riga, na fesa turare, na hau mota zuwa filin ban gaya wa kowa ba.

Kocinsu wani Bamasare ne mai gashin baki, kowa na ce masa Kaftin. Na gaishe shi da Larabcina na asibiti, na tambayi iyali, sannan na shiga magana.

"Kaftin, 'yar nan tana ƙoƙari. A duba Allah, a ɗan ƙara mata."

"A ƙara mata me, ya Hajj?"

"Lambar. Ko rabin ta waccan doguwar yarinyar da ke jifa ne, mun gode."

Ya dube ni, ya dubi rigata. Ya ce lambar nan tana nuna yawan makin da abokan hamayya suke ci a hannun mai jifa, in an raba shi bisa cikakken wasa. Wadda tata ta fi ƙanƙanta, ita ta fi hana su sakat.

Mai hankali a nan zai yi godiya ya tafi. Ni sai na gyara tsayuwa. Na ce masa na tsaya na gani da idona, doguwar nan duk jifan da ta yi sai ta sami kulkin, ƙau, tawa kuwa ko sau ɗaya ba ta same shi ba, don haka ni ba na son a rufe mini gaskiya, in ba ta iya ba a gaya mini, in koya mata a gida. 'Yan matan da ke bayan raga suka fara faɗuwa don dariya. Auta ta iso a guje.

"Baba, don girman Allah, khalas, ya isa."

Kaftin ya ce ma'alish, wato ba komai, ya saba ganin iyaye suna yi wa 'ya'yansu shaida, bai taɓa ganin wanda ya zo ya rushe tasa 'yar ba. Auta za ta tafi Iskandariya, amma da sharaɗi: kada in hau motarsu, kada a gan ni kusa da fili.

Na dawo gida ina yi wa uwargida bayani cewa tsarin ne a karkace, ina aka taɓa jin ƙaramar lamba ta zama abin alfahari? Ba ta ko ɗago daga tsinken zogalen da take yi ba.

"Malam, wuri ɗaya tak a duniya da sakamakonka na makaranta zai sa ka zo na ɗaya, shi ne ka je aka kore ka."