Neman Hedifon Daga Likoro Zuwa Ikara

Ana sallame sallar asuba muka bar Likoro, ni da ƙanwata 'yar baffana, kowa da jakarta, ba mai ce wa wata uffan. Masu bibiyata a nan kun san ni da saka kiɗa a bikin mata. Ba sana'ata ba ce, ni ɗinki nake yi, amma da yake gidaje da yawa a wajenmu ba sa barin namiji ya shigo tsakar gida da sifika, ni ake kira ranar kamu. Kayan aikina ba su da yawa: waya biyu, 'yar na'urar haɗa waƙa, sifikar aro, sai hedifon, abin nan mai rufe kunnuwa biyu da nake jin waƙa ta gaba da shi kafin in sake ta ga jama'a. In babu shi, lalube kawai nake yi.

Hedifon biyu suka karye mini cikin shekara ɗaya, duk a wuri guda, saman kunnen hagu. Ɗaki ɗaya muke kwana da wannan ƙanwa tawa tun tana 'yar shekara bakwai, kuma na taɓa shigowa na tarar da shi a kanta tana jin karatu. Ranar da na biyun ya ɓalle a hannuna ina ciro shi daga jaka, na fito tsakar gida, a gaban Inna da matan yayyenmu, na ce ita ce take ɗauka a ɓoye tana karya mini. Ta ce ba ita ba ce, sau ɗaya, ba ta maimaita ba. Mako shida ke nan, in ban da "ina kwana" ba abin da ke haɗa mu. Ga bikinta saura kwana tara, za a kai ta Malikanchi, kuma ni na yi alkawarin kiɗan kamunta tun kafin a sa rana. Inna ce ta haɗa tafiyar. Ta ce in raka ƙanwata Ikara ta yi wa Gwaggo ban kwana, in ya so in nemi abin kunnen nawa a hanya. Na san dabarar sulhu ce, amma ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba. Na jefa karyayyen a jaka don in nuna wa masu shago irin wanda ba na so.

Babur ne ya fito da mu bakin titin Kano. Dawa ta yi kai, masara kuwa duk an shanya ta a gefen kwalta, direbobi suna kauce mata kamar kayan surukansu. Mai motar da muka tsayar ya faɗi kuɗin Tashar Yari, na ji ya yi yawa, sai na sunkuya na tambayi wata tsohuwa da ke ciki nawa ta biya. Ta faɗi daidai abin da ya faɗa. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, na ce a raina ƙila gwaggonsa ce. Haka halina yake, ban ɓoye muku ba. Tun da aka taɓa sayar mini da cajar da ta ƙone mini waya, kowane mai sayarwa mai laifi ne a wurina sai ya wanke kansa.

A Tashar Yari muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa abu. Ƙanwata ta biya nata, na biya nawa, mai ƙosan ta bi mu da kallo, don ta ga mayafinmu iri ɗaya ne.

Makarfi ta karɓe mu da rake. Duk inda ka juya shi ne, an jingine shi dami-dami, manyan motoci suna lodi, ɓawonsa ya rufe ƙasa. Ranar kasuwa ce, sai da muka rinƙa ratsa baro da tumaki kafin mu kai layin masu kayan waya. Ƙanwata ta tsaya wajen masu kuloli tana ciniki, ni kuma na shiga farauta.

Mai shago na farko saurayi ne mai zaƙin baki. Da ya ji na ce ina son mai bes, wato ƙugin nan na ƙasa da ke sa mata tashi daga tabarma, ya ciro wani ja mai walƙiya ya jona a wayarsa ya ɗora mini. Gaskiya na ji bugun har a haƙorina. Na ce to bari in jona a tawa. Nan fuskarsa ta canza, ya ce ai duk waya waya ce. Da na jona, sautin ya koma kamar ana buga gwangwanin madara. Ashe ya ƙure ƙugin a cikin wayarsa ne, ko da wane hedifon ka ji zai yi daɗi. Na ajiye masa, na yi masa fatan kasuwa.

Na biyu dattijo ne, shi da nauyi yake talla. Ya ɗora mini wani baƙi a tafin hannu ya ce, "Hajiya, ji nauyi. Jabu ba ya nauyi haka." Mu mutanen karkara an san mu da wannan, ko tukunya za mu saya sai mun auna a hannu. Na kai shi kunne na girgiza, na ji wani abu yana motsi a ciki, irin guntun ƙarfen da ake mannawa don a ƙara nauyi. Ya ce sifikar ce take numfashi. Na uku ya ce nasa ba a buɗe kwali sai an biya, in an buɗe kuma ba a mayarwa. Na huɗu marar waya ya nuna mini, mai fitilu kore da shuɗi. Na gwada, sai na ga ina danna waƙa, sautin yana zuwa a makare kaɗan. Ga mai jin waƙa a ɗaki wannan ba komai ba ne, amma ga mai haɗa kiɗa biyu su hau kan juna, shi ne zai sa amarya ta ɗaga ƙafa kiɗa ya tsere mata.

Na fito hannu rabbana, raina a ɓace. Na tarar ƙanwata ta sayi kula uku a farashin da ni ba zan taɓa samu ba, don ita da dariya take ciniki. Na so in yaba, girman kai ya hana ni. Na dai karɓi leda ɗaya na riƙe mata, ba ta hana ba.

Hanyar Ikara wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya sauka gefe ya bi ta bakin gona. Mu huɗu aka cusa a baya, har da wata Bafulatana da ƙwaryar nononta a cinya, wadda ta yi barcinta ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ba. Barkono ja a shanye a kan duwatsu, ƙamshin mazarƙwaila yana shigowa daga inda ake dafa ruwan rake. Kafaɗata tana gugar ta ƙanwata tun daga Makarfi har Ikara, kowa ta juya kai tana kallon wani gefe.

Gwaggo ta sauke mu da faten tsaki mai yakuwa, ta sa ƙuli ta sa man gyaɗa. An yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi kowa har akuyar Inna. Ta yi wa amarya nasiha, ta ba ta turmin atamfa da ɗaurin daddawa, tana yi tana satar kallonmu. Ba ta tambayi komai ba. Da na faɗa mata wahalar da na sha a Makarfi, sai ta ce in je wurin wani tsoho mai gyaran rediyo a bayan layinsu, shi ke gyara sifikun masallatan unguwar. Na ce a raina, Allah ya sa ba kamasho Gwaggo take karɓa ba. Ta ce ƙanwata ta raka ni, wai ita ta san lungun.

Shagon ƙarami ne, cike da gawarwakin rediyo. Bayan mun gaisa na miƙa masa karyayyen na ce, "Baba, wanda ba zai yi haka ba nake nema. Wannan wasa da shi aka yi aka karya mini." Na faɗa da ƙarfi don wadda ke bayana ta ji.

Ya sa tabarau ya juya shi a hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce in nuna masa hotona ina kan aiki. Na yi jim, don ban ga haɗin ba, na dai buɗe waya na nuna masa na wani biki da na yi a Taba. Ga ni nan da ɗaurin ɗankwali mai hawa uku, hedifon ya haye samansa, na ture kunnen hagu baya don in ji sifika.

"'Yata, ba wanda ya karya miki," in ji shi. "Dubi nan, robar ta yi fari-fari. Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, gajiya ce. An yi shi daidai kan mutum, ke kuma kina buɗe shi ya haye wannan gini, sannan ki murɗe gefe ɗaya. Da zama aka yi a kai ko yarwa, nan ƙasa zai fashe. Ko goma kika saya irinsa, nan za su karye."

Nan take na gane. A kasuwa da hijabi nake gwadawa, kai a kwance, ranar biki kuma in yi ɗaurin da ya fi na uwar amarya tsayi, don a san DJ ta iso. Ban iya waiwayawa ba. Na ji dai ƙanwata ta ja numfashi a bayana.

Tsohon ya jawo wani akwati ya ciro wani na hannu, baƙi, mummuna, fatar kunnen ta fara saɓulewa. Ya nuna mini siririn ƙarfen da ke cikin abin da ke hawa kai, ya nuna yadda kowane kunne yake juyawa da kansa ba sai an murɗe shi ba, ya zare wayar ya mayar, ya ce in ta tsinke ita kaɗai za a canza. Na jona a wayata. Ƙuginsa bai kai na jan nan na Makarfi a wayar mai shago ba, amma kowane bugu yana fitowa daban, ba ya cakuɗewa da murya. Ya ce in tafi da shi gidan Gwaggo in yi ɗaurin biki in gwada, in ya yi in dawo mu yi ciniki. Ko sisi bai karɓa ba. Har wannan ma sai da na yi tunanin ko wani tarko ne, sannan na ji kunyar kaina.

A ɗakin Gwaggo na tsaya gaban madubi da ɗankwali a hannu. Gaskiyar da ban taɓa gaya muku ba ita ce, ɗaurin nan da kuke yabawa a hotuna ban iya shi ba. Ƙanwata ce take yi mini, kowane biki. Bikin nan biyu da na yi cikin mako shidan nan da hula da gyale na je, na ce muku sabon salo ne. Na naɗa ya warware, na sake ya karkace. Sai na ji an zare shi daga hannuna.

"Zauna, Yaya."

Na zauna a bakin gado. Ta tsaya a kaina tana ninkewa tana ja, yatsunta suna taɓa goshina yadda suka saba. Na buɗe baki in ce ai ɗaurinki ne ya jawo, don mu mai da abin wasa, sai na tuna ni ce kullum nake cewa ta ƙara tsayi. Na ce, "Na zalunce ki. A gaban mutane na faɗa, a gabansu zan janye. Ki yafe mini." Ta soke bakin ɗankwalin. Ta ɗauko hedifon ta ɗora mini da kanta, ya haye ɗaurin ya zauna daram, ta juya kunnen hagu baya, bai yi ko ƙara ba.

"Na yafe tun tuni," ta ce. "Abin da ya dame ni, kwanakin da suka rage mana a ɗaki ɗaya ƙidayayyu ne, kika cinye arba'in a ciki kina juya mini baya."

Na yi kuka, da ɗauri mai hawa uku da hedifon a kai, Gwaggo tana tsakar gida tana ta kiran kaji da ƙarfi don kada mu zaci tana ji.

Na koma na biya tsohon, ban nemi ragi ba, abin da bai taɓa faruwa ba a rayuwata. Ya ƙara mini da shawarar in ɗinka wa kunnuwan riga da guntun yadi saboda gumi. Muka kamo hanya bayan la'asar, muka sayi rake a Makarfi muka sha a mota, tana ba ni jerin waƙoƙin da take so da wanda in na kuskura na saka za ta tashi ta bar wurin. Muna shiga gida ana kiran magariba. Kafin in ajiye jaka na tsaya a tsakar gida, inda na tsaya wancan karon, na kira Inna da matan yayyenmu na faɗa musu wanda ya karya hedifon.

Ga masu tambayata wane iri za su saya: ku gwada a wayarku, da waƙar da kuka sani. Kada nauyi ko fitila su ruɗe ku. Ku nemi mai ƙarfe a ciki, mai kunne mai juyawa, mai wayar da ake zarewa, kuma ku gwada shi da irin kan da za ku sa shi ranar aiki. Ni na yini ina zargin direba da tsohuwa da masu shago har da gwaggona, wasu sun cancanta, wasu ba su ji ba ba su gani ba, amma kaina ne kaɗai ban bincika ba. Daren jiya mun yi hira har Inna ta buga mana ƙofa. Yau da safe an zo an kwance gadonta za a kai jere, ɗakin ya yi mini faɗi.