Rage Kaɗan da Hular Mai Faci

Rage Kaɗan ake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Sana'arsa haɗa kayan kiɗa a mota, a wani ɗan shago jikin rumfar amininsa mai faci. Mutum zai zo da ƙatuwar amfilifaya da sifiku 'yan mitsi-mitsi, ya ce yana so motar ta girgiza unguwa. Shi kuwa sai ya juya kayan, ya duba ƙarfin kowanne, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan za ta cinye waɗannan kafin ka sha kwana."

A jikin amfilifaya akwai wani ɗan maɓalli da ake kira gen. Kowa ya ɗauka na ƙara murya ne. Shi kuwa ya ce aikinsa daidaita abin da rediyo ke turowa da abin da amfilifaya za ta ɗauka. Yakan ɗaga muryar rediyo kusan ƙarshe, ya murɗa gen a hankali daga ƙasa har sifika ta fara shaƙewa, sannan ya koma baya kaɗan. Duk sana'ar a kunne take.

To, kunnen ne ya fara tafiya. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana sifikun mutane ƙonewa, nasa biyun da aka haife shi da su bai taɓa rage musu ba. Matarsa ce ta fara lura, ko da yake ta ce ba ta ga wani babban canji ba, dama can ba jin magana yake ba. Amma da masu mota za su sani, shago ya mutu.

Sai mai faci ya kawo dabara. Zai riƙa tsayawa bayan mai mota, da ya ji sifika ta shaƙe sai ya ɗaga hularsa kamar zai sosa kai.

"Kai da ba ka san kiɗa ba sai ƙarar fashewar taya?" in ji Rage Kaɗan.

"To kurma, kana da wani ne?"

Haka suka yi shekaru. Rage Kaɗan ya dafa ƙofar mota da tafin hannu, yana murɗawa, yana satar kallon hula. Mutane na ta yabon kunnensa. Wani direba ma ya shawarci mai faci ya nemi maganin ƙwarƙwata.

Ciwon da ya ɗauke Rage Kaɗan bai daɗe ba. Allah ya jiƙansa. Bayan an kwana biyu mai faci ya je gaida matar, ya zauna bakin ƙofa da hular a gwiwa. Don ya ɗan sa ta murmushi, ya ba ta labarin dabararsu.

Ta yi murmushin kuwa, tana share ido. "Ai na sani. Baban yara ya ce da tafin hannu yake jin shaƙewar a jikin ƙofa. Kullum shi yake riga ka."

"To me ya sa yake kallon hular?"

"Ya ce in ya faɗa maka, za ka koma wajen tayoyinka ka bar shi shi kaɗai."

Mai faci ya daɗe yana juya hular a hannu. Da ya buɗe baki zai yi magana, muryar ta shaƙe, kuma babu mai rage masa.