Ƙwaya Uku Ta Ishi Atine

Atine tana da rumfar shayi a bayan kasuwar hatsi ta Gadarif. Ƙafarta ta hagu ta shanye tun tana yarinya, janta take yi. Su huɗu uwarsu ta haifa, duk mata. Idan kaka ta yi, motar masu gona ta zo ɗibar masu yankan riɗi zuwa Fashaga, wakilin gona yakan dube su su huɗu ya nuna uku. Da abin ya ishe ta, ta daina zuwa bakin motar. Ta sayi murhu da butoci ta kafa rumfa. Ta yi aure, mijin ya rasu, ba ta rufe rumfar ba.

Da yaƙi ya watsa mutanen Khartum, Faisal ɗan yayarta ya iso da jaka ɗaya da wani wasa. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa da jaruminsa a ciki. Ƙarfin jarumi da wayonsa da juriyarsa, duk ƙwayar ludo ake jefawa ta yanke. Bayan la'asar Faisal, mai ba da labarin, yakan zauna a rumfar da Mutaz tela da Siddiq mai raksha, keken haya mai ƙafa uku. Atine ta tambaya ko caca ce, aka ce ko sisi ba a sawa. Ta daɗe tana jinsu daga bakin murhu. Wata rana ta jawo kujera.

"Ba ni ƙwayoyin."

Faisal, da ke kiranta Khala, wato inna, ya zuba mata huɗu a tafi. "Khala, ki jefa duka, ki cire ƙaramar, ki haɗa ukun."

"Me ƙaramar ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Jarumai ake so, waɗanda suka fi sauran mutane. In uku aka jefa, yawanci goma ko sha ɗaya ke fitowa."

"To ai gaskiya ke nan. Leƙa masu dakon can. Guda ɗaya ne ke ɗaukar buhu biyu, guda ɗaya ko rabi ba ya iyawa, sauran duk goma ne da sha ɗaya." Ta mayar masa da ƙwaya ɗaya.

Wayo ya fito sha ɗaya, juriya goma. Da ta jefa na ƙarfi, ɗaya, ɗaya, biyu suka fito, huɗu ke nan. Siddiq ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Atine ta sa wa jarumar suna Nasiba.

Nasiba ta zame wa ayarin labarin nauyi. Ba ta iya ɗaukar guzuri, ba ta iya hawan katanga, sau biyu 'yan fashi suka cim musu saboda jiranta. Ƙarshe Mutaz ya faɗi abin da ke ransa.

"Ya Hajja, wasa ne fa. Na baro shagona a Khartum yana ci da wuta, na zo nan in zama jarumi na ɗan lokaci, ba jinya ba. Ki sake jifa da huɗu, ko ki bar mana kujerar."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma Atine ta san haka. Ta san kuma cewa in ta ce rumfarta ce, za su kwashe ƙwayoyinsu su koma shagon da ya kama a nan Gadarif, ita ta koma bakin murhu.

"Ka ji inda ƙwayar nan ke ƙarya," ta ce. "Lamba ɗaya take ba mutum ta ce ƙarfinsa ke nan. Ni ƙafata huɗu ce, hannuna sha biyar. Zo mu gwada in kana musu. Amma sake jifa, a'a. Abin da ya faɗo ya faɗo."

Mutaz bai miƙa hannu ba. Aka tsaya a kan cewa ayari na gab da ƙetare kogi, in Nasiba ta sake jawo musu asara, Atine ta tashi.

Da aka iso kogin, Faisal ya kare ƙwayar da tafinsa, ya jefa, ya ce ruwan ya janye, iyakarsa gwiwa.

"Jiya ka ce ya cika ya batse," in ji Atine.

"Ya ragu, Khala."

"Ɗage hannunka." Bai ɗage ba. "Wakilin gona ma bai taɓa yi mini wannan rainin ba. Shi a gabana yake ƙina. Cika kogin, ka ba ni in jefa."

Ta jefa a tsakiyar tabarma, kowa yana gani. Ba ta kai ba. Faisal ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ruwa ya tafi da Nasiba. Sauran sun ƙetare lafiya, da kayansu cif.

Siddiq ya sunkuyar da kai. Mutaz ya buɗe baki zai yi ta'aziyya, ta katse shi.

"Asarar me ta jawo muku? Ita kaɗai ta tafi. Kujerata tana nan. Faisal, a tsallaken kogin nan babu mutane ne?"

"Akwai ƙauye."

"To akwai wata mata a ƙauyen. Kawo."

Ya zuba mata huɗu, ko don mantuwa ko don gwaji. Ta ɗauki ɗaya ta jefa cikin gwangwanin sukari ta rufe. Ta jefa ukun, ƙarfin sabuwar jarumar ya fito tara.

"Khalas, shi ke nan," in ji Mutaz. "Wannan aƙalla za ta ɗauki tulunta."

"In ta ga dama," in ji Atine. Ta tashi ta ja ƙafarta zuwa murhu, don ruwan ya tafasa.