Tukunyar Inna Daban

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Baba ya ɗauko mahaifiyarsa daga tsohon gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya kawo ta wurinmu a Tarauni. Inna muke ce mata. Jiri ne ya kayar da ita a bakin rijiya, likita kuma ya ce hawan jini ne. Ya ce a rage mata gishiri da man shanu, a rage tuwo, a yawaita wake da kifi da zogale, ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi, don tsoho ba ya jin ƙishi a kan lokaci.

Umma, mahaifiyata, ta sayi 'yar tukunya sabuwa ta fara yi mata girkinta daban. Ni ce mai kai mata ɗaki. Ina son wannan aiken, don ɗakin Inna ƙamshin turaren wuta yake yi, hasken yamma kuma yana kwanciya a kan tabarmarta.

Ranar farko ta buɗe kwanon, ta sunsuna, ta dube ni.

"Ke 'yar nan, me kuka ci?"

"Tuwo da miyar kuka, Inna."

"Ni kuma wannan ruwan wanke hannun fa? A gidan da na tashi, mutum biyu ake ware wa tukunya: mai cutar da ake gudu, da wanda aka gaji da shi. Wacce ce ni a ciki?"

Na yi mata bayanin likita, cewa jikin mai shekaru ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da. Ta ce likitan kuwa ba a gabanta ya faɗa ba, ɗanta ya ja gefe ya faɗa wa, kuma wa ya san wanda ya riga ya yi masa magana.

Daga nan ba ta sa loma a baki sai na ci. Takan zuba wa maƙogwarona ido har in haɗiye, ta jira, sannan ta ɗan tsakura. In na miƙa mata ruwa ta ce, "Sai ɗura min ruwa ake kamar shuka. Me aka jiƙa a ciki?" Ta fara jan kujerarta zuwa ƙofar ɗaki, inda za ta hango hannun Umma a kan murhu. Umma ta lura, na ga tana share ido da gefen zani. Ni ma abin ya fara shiga raina; wata rana na kama kaina ina leƙa tukunyar bayan Umma ta juya baya.

Inna ta rame, awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Wata safiya ta ɗaure kayanta a zani ta ce in tare mata mota, Gyaɗi-Gyaɗi za ta koma, inda maƙwabta za su ba ta abinci irin na mutane. Mun san in ta koma, gishirin nan ne zai sake kayar da ita.

Umma ce ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yi haƙuri. Daga yau tukunya ɗaya ce. Abin da kika ci shi za mu ci."

Da rana muka zauna a tsakar gida da faten wake da zogale, lami, ba ko ɗigon man shanu. Baba yana haɗiya da ƙyar. Inna ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi kwanon da aka zuba mata, ta jawo na Baba gabanta ta cinye tas.

"Ba daɗi," in ji ta. "Gobe ma a gabana za a zuba."

Ta ce in kwance mata kayan.