Ranar da Baba Ilu Ya Kau da Kai

Har yau ban manta da ranar da Baba Ilu ya harbi dorina a Karaye ba, kuma ba na jin zan manta sai dai in ƙasa ta rufe idona. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san shi ba, shi ya sa nake so ku ji labarin daga bakin wanda ya tsaya kusa da shi.

A farkon shekarun 1990 ne, lokacin da aka tare ruwan Challawa ya malale fadamu. Ina ƙaramin jami'i a sashen kula da namun daji, ni ke duba Karaye da Rogo. Aikinmu kare dabba ne, amma idan wata ta addabi mutane, dagaci yakan kai kuka wurin hakimi, hakimi ya sanar da ofishinmu, daga Kano a ba da izinin kashe ta, a turo babbar bindiga. Ba irin ta harbin zabi ba ce. Harsashinta ya kai tsawon yatsa, in ta tashi kuwa sai ta doki kafaɗar mai harbi kamar jaki ya same shi. Mu a wurin aiki shuri muke ce wa wannan dukan.

Baba Ilu mutumin Kurugu ne, farauta gadonsa ce, don sanin daji aka ɗauke shi aikin gadin daji a sashenmu. A muƙami ni ne gaba da shi, amma a haife ya haife ni, kuma bai taɓa bari na manta ba. Ɗan boko yake kirana. Yakan ce ni na san dabba a hoto, shi ya san ta a wari. Daga Karaye har Rogo babu wanda bai san sunansa ba, yara ma rantsuwa suke yi cewa harbinsa ba ya faɗuwa ƙasa.

Da bindigar toka ya tashi, wadda maƙera ke ƙerawa, a ɗura mata albarushi ta baki. Wani lokaci takan fashe a hannu. A haka mahaifinsa ya rasa ido ɗaya, don haka ya hori ɗansa tun yana ƙarami: ka janye gindin bindiga daga kafaɗa, in za ka ja kunama ka kau da fuska. A bindigar toka wannan dabara ce mai kyau, domin ƙarafan cikinta watsuwa suke yi, kuma kusa ake harbi. Babbar bindiga kuwa harsashi ɗaya take fitarwa. Dole ka danne ta a kafaɗa, ka kwantar da kunci a kanta, idonka a buɗe har ta gama shurinta. Wurin da ake nema a kan dorina, tsakanin ido da kunne, bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Da izinin kashe dorinar ya iso, na ja Baba Ilu wani kwari a bayan Beli, mu biyu kawai, domin na daɗe da lura da wannan ɗabi'a tasa. Na miƙa masa bindigar babu harsashi, ban gaya masa ba. Ya auna kututture, ya ja kunama, ta ce ƙas. Fuskarsa ta riga ta juya hagu, idonsa a runtse, bakin bindigar yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗan boko, wasa kake yi da furfurata?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. So nake ka ga abin da nake gani."

"Wato tsoro nake ji ke nan."

"Wallahi zuciyarka ba ta san tsoro ba. Jikinka ne ya haddace wani karatu, ya ƙi sakinsa."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce to in koya masa, amma maganar ta tsaya tsakaninmu. A gidan maharba, a ce mutum yana zabura gaban bindiga ya fi zagin uwa ciwo.

Harsashin gwaji babu, abin da aka turo na aikin ne kawai. Sai muka riƙa yi da bindiga wofi. In ɗora tsakuwa a kan hancinta, ya ja kunama a hankali. In tsakuwar ta faɗi, a sake. Dattijo mai jikoki yana tsugunawa yana tsintar tsakuwa a gabana, ni kaina kunya nake ji. Amma ya dage, har ya kai tsakuwar ba ta motsi. Na yi murna ƙwarai, na ce a raina an gama.

Dorinar ta cinye shinkafar mutane da yawa, ta hana masunta shiga ruwa. Ranar da muka je, da hantsi, bakin ruwan ya cika maƙil, har da makaɗin maharba da gangarsa. Na roƙi dagaci a tsai da kiɗan, na kuma ce ni zan fara harbi.

"Haba Malam," in ji shi, "ɗan ƙasa yana tsaye baƙo ya yi harbin farko? Kuma yaushe aka taɓa hana maharbi kirarinsa?"

Na dubi Baba Ilu, ya miƙo hannu ya karɓi bindigar. A gaban wannan taron babu yadda zai ce a'a.

Ya ɗora ta a kan gwafa, ya danne ta a kafaɗa yadda ya kamata. Dorinar ta ɗago kai, tana kaɗa kunnuwa. Daidai lokacin makaɗin ya ɗaga murya ya ambaci sunan mahaifin Baba Ilu. Ina gefen damansa, da idona na ga kuncinsa ya rabu da bindigar. Ta tashi. Dorinar ta yi wani irin gurnani, ta nutse, mata suka rangaɗa guɗa.

Dorina in ta mutu nutsewa take yi, sai bayan wani lokaci ta taso, don haka kowa ya ɗauka an gama. Wasu suka fara wasa wuƙa, wasu suka aika gida a kawo daro. Na ɗaga murya na ce harsashin bai zauna daidai ba, kada kowa ya shiga ruwa. Aka yi mini dariya. Dagaci ya tambayi Baba Ilu. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "A ɗan dakata dai." Bai ƙara komai ba.

Akwai wani masunci, Sabi'u, magidanci mai fara'a, shi ya yi mana jagora zuwa wurin. Na kama hannunsa na sake yi masa kashedi.

"Ranka ya daɗe," ya ce yana murmushi, "Baba Ilu ne fa ya harba."

Muna sallar azahar a kan tudu ya tura kwalekwalensa da igiya, don kada gawar ta taso ta gangara wurin mutanen tsallake. Ihu muka ji. Kafin mu sauko, kwalekwalen ya rabu biyu. Sai washegari aka ga gawar Sabi'u. Dorinar kuwa ni na ƙarasa ta daga baya, muka tarar harsashin farko muƙamuƙinta na ƙasa ya karya.

Mun je gaisuwa tare da Baba Ilu. A ƙofar gidan dattawa suna ta maganar cewa wannan ba dabba ba ce, tana da iska, ita ta karkatar da harsashin. Mahaifin Sabi'u, Malam Hamza, tsoho mai haƙuri, ya riƙe hannun Baba Ilu.

"Ilu, kada ka sa komai a ranka. Kowa ya san hannunka. Abin da ke cikin ruwan nan ya fi ƙarfin bindiga."

Da Baba Ilu ya yi shiru, da ya tashi da sunansa lafiya lau, ni kuma ba zan tona shi ba. Sai na ga ya gyara zama.

"Malam Hamza, babu wata iska. Ni na kau da kai. Na runtse ido kafin bindigar ta tashi, kuma tun a lokacin na san ban same ta daidai ba."

 Tsohon ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin gemunsa, bai saki hannun ba.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya ce. "Amma Ilu, da a bakin ruwa ka faɗi wannan."

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.  Kafin watan ya ƙare Baba Ilu ya ajiye aiki ya koma Kurugu, bai sake taɓa bindiga ba, makaɗa kuma suka daina ambatonsa. Nakan kai masa ziyara har ya rasu, kuma ina kewarsa har gobe.

Abin da na koya shi ne, zabura ba ragwantaka ba ce, babu jarumin da ya fi ƙarfinta, kuma takan dawo ranar da idanu suka yi yawa. Mutanenmu kuwa suna yarda da sunan mutum fiye da abin da idonsu ya gani. Saboda haka, duk wanda ya ja kunama a cikinku ya ji fuskarsa ta motsa, ya faɗa nan take da babbar murya, ko wa ke tsaye a wurin, tun kafin wani ya tura kwalekwale cikin ruwa.