Malam Hamadu, Malamin da Ya Sauko daga Kujera

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, ina tsinken ganyen miya a bakin ƙofa 'yata Wanpen ta shigo da waya a hannu, ta ce, "Iya, Malam Hamadu ya rasu." Wai ciwon zuciya ne, a asibitin birnin Khon Kaen. Ni Thongbai da na haura tamanin ina nan zaune, kai da ba ka cika sittin ba ka tafi. Ban san baƙi ko ɗaya ba, Wanpen ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara min magana.

Malam, shekara goma sha tara ke nan da ka zo ƙauyenmu daga Kamaru koyar da Turanci, ni kuwa ina dafa wa 'yan makaranta abinci. Ranar farko ka leƙo tukunyata ka ce, "Iya, akwai alade a ciki?" Na ce, "Ɗana, a garin nan har iska da alade a cikinta." Ka yi dariya har da tari. Washegari na sayo maka 'yar tukunya taka kai kaɗai. Kai ne kuma, da ƙafata ta kumbura, ka riƙa ɗora ni a babur zuwa asibiti duk Litinin har wata uku, kana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ina zaginka a baya.

Wata ɗaya da zuwanka aka yi ranar girmama malamai, Alhamis, a farkon damina. Malamai su hau kujeru, yara su taho a kan gwiwa da tiren furanni, furen gauta da ciyawar ƙiri-ƙiri da gasasshiyar shinkafa, su kai goshi ƙasa a gaban ƙafar malaminsu. Ana gobe ka same ni a madafa fuska ba walwala. Ka ce, "Iya, a addinina ba a kai wa mutum goshi ƙasa. Ba zan zauna a yi min ba." Na ce, "A nan malamin da ya ƙi karɓar tire ya ce wa yara shi ba malaminsu ba ne. Hedimasta Prasert zai yi maka murmushi, ƙarshen zango ya sallame ka." Ga 'yan ajinka sun yi kwana uku suna jera furen nan, yatsunsu duk sukar allura.

Ranar ta zo. Ka hau kujera, na ce to, ya haƙura. Yaranka na tahowa sai ka zame ka zauna a ƙasa, wai a ganinka kun zama daidai, ba sai sun sunkuya ba. Haba Malam! Ba ka san kan ɗalibi ba ya ɗara na malami ba? Kana sauka suka baje rub da ciki kamar ƙadangaru. Ka ƙara sunkuyawa don ka ɗaga su, suka ƙara mannewa da siminti. Hedimasta na murmushi, kunnuwansa jajur. Yarinyar da ke riƙe da tiren, Lamyai, ta fara hawaye.

Ba hurumina ba ne, amma duk zauren ba wanda ya girme ni. Na fito da ludayi a hannu na ce, "Malam, miƙe bayanka, dogon banza! Ku kuma ku tashi zaune. Ba ƙin ku ya yi ba, Ubangijinsa ne ya hana shi karɓar goshi. Fure kuwa bai hana ba." Ka miƙe baya, kanka ya wuce nasu. Lamyai ta haɗa hannu a ƙirji, ta miƙa tiren, ka karɓa da hannu biyu kana kuka fiye da ita. Hedimasta ya ce, "Iya Thongbai, ko ke za ki karɓi kujerata?" Na ce, "Wa zai dafa maka shinkafa?" Aka fashe da dariya. Bai sallame ka ba. Tun daga shekarar tabarma ake shimfiɗa maka a gefen kujeru.

Da ka rasu 'yan'uwanka suka bugo suna tambaya ko a kai ka gida. Matarka Sunisa ta ce musu ka bar wasiyya a binne ka a nan, inda ɗalibanka suke. Ɗalibanka da iyayensu suka cika mota uku zuwa maƙabartar Musulmi, wasu da goyo, wasu da furfura.

Ban iya addu'arku ba, Malam. Na kai wa malaman haikali, wato ɗakin ibadarmu, sadakar abinci da sunanka, na zuba ruwa a gindin bishiya yadda muke yi wa namu. Allahn da ka tsare wa goshin yaranmu Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka. Sunisa, da ke da 'yarki Nadiya, ku yi haƙuri. Mutanen Kamaru, ku ma ku yi haƙuri. Aro kuka ba mu, mun kasa mayarwa.