Haƙoran Ɓeran Masar

Shekarar da tumatir ya yi kwantai a Kadawa, har kwando ya fi abin da ke cikinsa daraja, ita ce shekarar da ɓeran Masar ɗina ya daina cin abinci. Ina 'yar firamare lokacin. Ƙanwar innarmu ce ta kawo mini shi daga Bunkure a cikin kwali, namiji guda ɗaya, fari mai tabon ja a kan ido. Na gina masa ɗan akurki a gindin rumbu. Duk yamma nakan yanko masa ciyawa a bakin kanal ɗin ban-ruwa, kuma da ya ji ƙarar laujena a ƙofar gida sai ya kama fito, wit-wit-wit, har kaji su watse.

Da tumatir ya cika gari, kowace dabba a gidanmu shi ta koma ci. Inna ta ce in daina wahalar yankan ciyawa, ga abinci yana ruɓewa a tsakar gida. Tumatir da jiƙaƙƙiyar dusa ya yi ta ci har damina ta kusa. Sannan na lura yana ɗaukar abinci ya saki, yawu ya jiƙa masa haɓa, ƙashin bayansa ya fito. Na buɗe bakinsa, na ga haƙoran gaba sun yi zaƙo-zaƙo, sun lanƙwashe ciki.

Baba ya ce a yanka shi kowa ya huta. Kawu, wanda ke gyara wa shanu kofato, ya ce a ba shi filaya kawai. Na rungume abina, na yi ta kururuwa har maƙwabta suka leƙo. Washegari malamin dabbobi ya zo yi wa shanun rugar bayan gari allura, na bi shi da kwalina. Bai yi mini dariya ba. Ya ce haƙoran wannan dabba ba sa daina tsiro, tauna ciyawa ce ke cinye su. Na gaban ma da sauƙi, na cikin ne suka danne harshe, sai an kai shi ofishinsa a Kura an sa shi barci an goge su.

Babban wanmu, mai ɗaukar kaya a babur, shi ya ce zai kai shi.

“Yaya, ka rantse?”

“Haba ƙanwata, ni zan yi miki ƙarya? Jibi in sha Allahu za ki gan shi garau.”

Jibin kuwa ya dawo da kwalin. Fari, da tabonsa, haƙora gajeru tsaf. Na ce ya yi ƙiba. Yaya ya ce allurar ce. Na ce tabon kamar ya matsa wajen kunne. Inna ta ce, “Ke dai ba ki da godiya.” Na ji kunya. Na wanke wa Yaya babur ranar, har tayoyin. Da yamma na kaɗa lauje a ƙofa, ban ji fito ba, na ce a raina bakin ne bai gama warkewa ba.

Na koma yankan ciyawa kamar mai aikin lada. Sai ƙiba yake yi, ni kuwa ina ta yi wa 'yan ajinmu burgar an yi wa ɓerana aiki a asibiti.

Wata safiya na ɗaga murfin akurkin, na tarar da 'ya'ya uku suna tsalle, idonsu a buɗe, gashinsu a bushe. Ɓerana namiji ya haihu.

Har yau in na tuna dariyar da aka yi a gidan nan, raina ɓaci yake. Kawu har da riƙe ciki. Baba ya rufe baki da hula. Ashe kowa ya sani, ni kaɗai ce sakarai. Ashe Inna da kanta ta bi Yaya kasuwar Bunkure ta zaɓo mai kama da shi, sai dai babu wanda ya yi tunanin ɗaga wutsiya, don dabbar ba ta da ita.

“Don ke muka yi,” in ji Inna. “Ga shi yanzu kina da huɗu.”

Ban kula ta ba. Na tare Yaya a zaure.

“Ina nawa?”

Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce ranar an ba shi lodin albasa, kuma ya ga abin ba zai yi rai ba, kunya ce ma ƙato kamarsa ya shiga ofis da ɓera. Bai je Kura ba.

“Ka yanka shi?”

“Wallahi ban yanka ba. Ban iya ba. Sakinsa na yi a bakin kanal, inda kike yanka. Wurin akwai ciyawa sosai, ƙanwata, kore shar.”

Yana faɗa yana neman in ce ya kyauta. A wurin na yi ta yankan ciyawa kullum tun ranar, ina kai wa wata. Shi kuwa an ajiye shi a tsakiyar abinci, da bakin da ba ya iya tauna ko ganye ɗaya.